Tafin Me Kuke Yi?

Jiya da daddare na tarar da samari sun taru a kan waya guda suna kallon fim ɗin yaƙi. Jarumin ya jefa gurneti cikin wani gida, gidan ya tashi da wuta, sai suka ɗau ihu da tafi. Na tambayi ƙarami a cikinsu ko su wa ke cikin gidan, ya ce, "Yaya, ai mutanen bos ne." Wallahi na kwana da wannan amsa a raina.

Ƙannena, tafin nan ne ya dame ni. Akto shi kaɗai ya karkashe mutum hamsin, harsashi na kauce masa, ya fito da ɗan ƙwarzane a goshi. Shi yana da suna, da mata, da hoton 'yarsa a aljihu. Su hamsin ɗin fa? Ba uwa ce ta haife su ba? An ɓoye muku fuskokinsu ne don tafin ya yi muku sauƙi. Yaƙi ɗan zamba ne, fim ɗinsa ma haka. Ma'aikatar tsaron Amurka kan ba masu shirya fim aron jirage da tankokin yaƙi, amma sai ta karanta labarin tukuna. A Biyetnam sojojin Amurka kusan 58,000 suka mutu, 'yan ƙasar kuwa sun haura miliyan. A ƙauyen My Lai, a 1968, ɗaruruwan fararen hula aka kashe, har da mata da jarirai. Da an ɗora wa wannan kiɗa mai daɗi, shi ma za ku tafa?

Ga raba dare a kan waya, ga makara a sallar asuba, babba ya tsaya a kanku ko gaisuwa babu. Wanda bai iya ganin jinin kaza ba ya koma kiran kansa kwamanda.

Manzon Allah (SAW) ya hana mu fatan haɗuwa da abokan gaba. Ku riƙa kallo da hankalinku.

Jiki magayi. Dattawan da Turawan Ingila suka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa dajin ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya a Yaƙin Duniya na Biyu sun ga abin da idonsu, kuma da wuya ka gan su a waɗannan finafinai. Wanda na sani a cikinsu, idan aka ambaci yaƙi sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Mu ma yara a lokacin shiru muke yi, ba mai ko motsi. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.