Ƙadangaren Bakin Tanki

Ranar da na cika shekara 35 a aikin gwamnati aka miƙa mani takarda, aka raba lemo da biskit, aka ce in je gida in huta. Haka dokar take: ko ka kai shekara 60 a duniya, ko ka yi 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne, zaman gida ba shi da lokacin tashi.

Satin farko na yi ta barci. A na biyu na ƙirga cokulan gidan. A na uku na leƙa madafa ina tambayar Hajiya yadda aka yi galan ɗin man gyaɗa bai kai ƙarshen wata ba. A daren nan na ji ta a waya da babban ɗanmu da ke Kaduna: "Ku nemo ma babanku abin yi, in ba haka ba ni ka komawa gidanmu Bodinga."

Abin yin da yaron ya zo da shi bindiga ce. Ba ta toka ba irin ta maharban ƙauye, ta iska. Sai da ya sha zirga-zirga kafin ya kawo ta, don a dokar ƙasar nan ita ma sai da lasisin 'yan sanda. Ba ruwanta da albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya kamar rake, nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki, wato sifirin, ya matse, ka sa ƙwayar dalma guda ɗaya mai kaurin milimita 4.5, ka mayar ka rufe. Kana jan kunama sifirin zai saki, ya tunkuɗo iska, iskar ta fitar da dalmar. Ya haɗo mani da gwangwani mai ƙwaya 500, ya ce kada in kuskura in harba ta babu dalma a ciki, lalata ta yake yi. Ya kuma ce wasa ne babba, har a gasar Olamfik ana yin sa daga nisan mita 10, kuma ɗigon da ake nema a tsakiyar takardar rabin milimita ne kacal.

Na ce masa, mutumin da ya shekara 35 yana gano kuskuren sifiri ɗaya a cikin takardun kuɗi, ɗigo ba zai gagare shi ba.

Washegari na auna mita 10 a tsakar gidanmu na Mabera, daga gindin dogonyaro zuwa katangar baya. Na ɗora gwangwanin madara a kan bulo. Karya bindigar kawai sai da na dafa ta da gwiwa, na yi nishi biyu. Na gyara tabarau, na kanne ido, na saki. Katanga ta yi ƙura. Na sake, katanga ta sake yin ƙura. Kafin azahar siminti ya yi zanzana kamar wanda ya tashi daga ciwon agana, gwangwanin kuwa ko gezau. Kwana tara muna haka. Na zargi iska, na zargi tabarau, na murɗa maɓallin saiti dama, na murɗa hagu, har na manta inda yake da farko.

A waje kuwa labari ya sha bamban. Yaran unguwa sun ji ƙara, sun leƙo ta kan katanga, sun kai rahoto. Da na je majalisa bayan la'asar, tsofaffin abokaina suka tashi suna jinjina: "Sarkin baka! Yau mi anka kaso muna?" Wani maƙwabci har ya ce yanzu yana barci da minshari tunda akwai mai bindiga a layin. Ban ƙaryata ba. Girma ne, kuma tun da na bar ofis ban samu irinsa ba.

Rana ta goma, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 har kwalta ta yi laushi, 'yan ga-ruwa suka cika mana tanki da safe. Kura bayan kura suka yi ta turowa, Hajiya na tsaye tana ƙirga jarkoki, ni kuma ina biya daga fanshon da bai gama zama a aljihu ba. Tankin baƙi ne na roba, tsoho, rana ta gasa shi shekara da shekaru, yana kan dakali kamu uku daga gwangwanina.

Na harba sau shida, babu. Sai ga wani jangwalagwada, mai jan kai, ya hau jikin tankin ya tsaya. Na harba na bakwai, na kuskure. Ya gyaɗa kai. Na harba na takwas. Ya sake gyaɗa kai, har sau uku, daidai yadda wani tsohon maigidana yake yi idan na kai masa fayil da kuskure. Wallahi na san karin maganar. Tun ina yaro nake jin ƙadangaren bakin tulu, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Amma ba wanda ya taɓa ce mani tanki ma tulu ne.

Na juya bakin bindiga wajensa, na riƙe numfashi kamar yadda yaron ya koya mani, na ja kunama a hankali.

Ƙarar da ta fito daban ce, wani ɗan "ɗas" mai taushi. Ƙadangaren ya sauka a natse ya shige bayan bulo. Daga cikin tankin kuwa wani siririn ruwa ya ɓullo, ya yi baka, ya sauka a kan barkonon da Hajiya ta shanya.

Na ruga na toshe da yatsa. A haka ta fito ta same ni, hannu ɗaya a tanki, ɗaya riƙe da bindiga, hula a ƙasa.

"Alhaji, mi kaka yi nan?"

"Ina duba lafiyar tankin ne."

"To ɗebe hannunka in gani."

Ban ɗebe ba. Ta jawo kujera ta zauna a inuwa, ta ce ita ba ta da sauri. Minti ashirin na yi a cikin ranar nan kafin in sallama. Muka gwada tsinken ashana, muka gwada sabulu, muka gwada leda. A ƙarshe duk wani bokiti da baho da tukunya da ke gidan sai da ya fito, har butar alwala.

Mai gyara ya zo da yamma da guntun roba da ƙarfen da zai gasa ya liƙe. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallon hujin, sannan ya ɗago.

"Baba, daga ina kah harbo?"

Na nuna masa gindin dogonyaro.

"Kai! Wallahi hannunka na da kyau. Zo ka gani."

A jikin tankin an rubuta 1000 da farin fenti. Dalmar ta shiga tsakiyar sifirin ƙarshe, ba dama ba hagu. Na ce ya dakata kada ya liƙe, in ɗauki hoto in tura Kaduna. Hajiya ta ce in ɗauka da kyau, don gwangwanin dalmar yana cikin adakarta, makullin kuma yana bakin zaninta.