Kayan Ƙwace Ba Ya Tsufa Ya Zama Halal

'Yan uwa, a Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita, bai kuma gindaya sharaɗin addini ko ƙabila ba.

A 1938, da 'yan Nazi suka haɗiye ƙasar Ostiriya, sai suka bi gidajen Yahudawa suna kwasar ganima: zane-zane, littattafai, kayan ado, har da kwafin Attaura na wuraren ibada. Ferdinand Bloch-Bauer, mai kamfanin sukari a Biyana, babban birnin ƙasar, ya gudu don tsira da ransa. Cikin abin da aka kwashe masa akwai hoton marigayiya matarsa Adele, wanda Gustav Klimt ya zana ya ƙawata da zinare. Aka rataye shi a gidan tarihi na Belvedere, aka sauya masa suna don kada a san Bayahudiya ce a jiki. Mutumin ya rasu a gudun hijira a 1945 bai sake ganinsa ba. Sama da shekara 60 jama'a na tururuwa suna kallon kayan ƙwace suna yabawa. Sai a 2006 'yar ɗan'uwansa, Maria Altmann, tana da kimanin shekara 90, ta karɓo shi tare da wasu zane huɗu, bayan shari'ar da ta kai har kotun ƙolin Amurka.

Wani zai ce, ai Yahudawa ne. Ya koma Suratul Ma'ida, aya ta 8: kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, Sayyidina Aliyu ya bari a Makka don ya mayar da ajiyar mutanen garin da ke neman ransa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, waɗanda suka riƙe hoton daga baya ba su ne suka fasa gidan ba, amma hakkin yana wuyansu muddin sun san asalinsa. To mu fa? Gonar marayu da kawu yake nomawa, kayan shagon maƙwabci da aka kwasa ranar rikici, littafin malam da aka ara har ya rasu. Idan mai shi ba ya raye, magadansa suna nan. Ka neme su a makon nan, ka miƙa musu, ka roƙi gafara.

Allah ya raba mu da hakkin bayinsa.