An buge ka, an buge ka kawai

Har yau a majalisar mai shayi ta layinmu a Agege ba a gama wanke Francis Ngannou, ɗan faɗan MMA (mai haɗa dambe da kokawa) da ya shigo damben boksin, ba, kuma wallahi abin ya ishe ni. Watan Maris na 2024, a Riyadh, Anthony Joshua ya kai mutumin nan ƙasa sau uku, a turmi na biyu aka gama magana. Amma da ya farfaɗo sai ga bayani: wai an kai shi filin da wuri, ya daɗe yana jira, barci ya riƙa ɗaukarsa kafin a fara. To shi Joshua a wane gari yake a daren?

Haka Conor McGregor, shi ma ɗan MMA, ya yi a 2017 a Las Vegas. Ɗan boksin Floyd Mayweather ya jibge shi har alkalin wasa ya raba su a turmi na goma, shi ko wai gajiya ce kawai, an yi saurin tsayarwa.

Kai ka bar fagenka, inda ake shuri da kayarwa da shaƙe wuya, ka shiga na masu naushi zalla saboda kuɗin ya fi tsoka. Ba mu ga laifinka ba, kowa nema ya kawo shi. Amma ka karɓi kuɗinka ka yi shiru mana! A damben gargajiyarmu, gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, makaɗa ma sun koma wasa wanda ya buge ka.

Abin haushin, 'yan majalisar da suka yi ta ihu ranar da Ngannou ya kai Tyson Fury ƙasa a 2023, ko ɗayansu bai tambayi ko Fury ya sami barci ba.