Ba wutar kaɗai ke kashe mutane ba, har da kwaɗon da ke ƙofa

Duk sanda gobara ta tashi a wani babban gini sai ka ji ana ta maganar wayar lantarki ko tukunyar gas, wai daga nan ta faro. To mun ji. Amma ni abin da ke damuna shi ne, me ya hana mutane fita? Wuta kam tana iya tashi ko'ina, amma yawan gawarwakin da ake kwasowa galibi yana komawa ne kan mai ginin da manajan da ya damƙa wa makullai.

A 1911 ma'aikata 146 suka mutu a masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York, yawancinsu 'yan mata, saboda an garƙame ƙofa wai kar a saci kaya. A 2012 sama da mutum 250 suka halaka a masana'antar Ali Enterprises a Karachi, nan ma ƙofofi a kulle, tagogi duk an sa musu ƙarafa. Shekara ɗari tsakani amma sakacin iri ɗaya.

Kuma fa abin da doka ke nema a yawancin ƙasashe ba wani abu ne mai wuya ba, a duba inda haɗari yake, a bar hanyar fita a buɗe ba a jibge kaya a matattakala ba, ƙararrawa ta riƙa aiki, tukunyar kashe wuta a riƙa yi mata sabis, a sa fitilar da za ta kama in an ɗauke wuta don hayaƙi in ya turnuƙe ko tafin hannunka ba ka gani, kuma shi hayaƙin ya fi harshen wuta kisa. Sai kuma atisaye, mutane su san ta ina za su bi.

Masu gini za su ce ai ɓarayi, ai kuɗi, ai 'yan haya ne ke tare hanya da kayansu. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai ƙofar da ake turawa ta buɗe daga ciki, daga waje kuma ba ta buɗuwa, to ina hujjar kwaɗo? Ɗan hayan da ya tare hanya kuwa aikin manaja ne ya tsawatar masa tun yau.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne gobarar benen Grenfell a Landan, 2017, inda mutum 72 suka mutu. Mazauna ginin sun daɗe suna kuka kan haɗarin gobara kafin abin ya faru, ba a saurare su ba. Ɗaukar manaja ba ya sauke wa mai gini nauyi, satifiket a bango ma haka.

Shi ya sa nake ganin jami'an kwana-kwana su daina sanar da ranar zuwa dubawa. Su faɗo kawai lokacin da gini ke cike da mutane, su tura ƙofar baya da hannunsu, in ba ta buɗu ba a rufe ginin har sai an gyara.