Ƙanwata ba lalaci take ba, kuma gwangwaninku ba zai tashe ta ba

Wlh tun jiya da daddare raina a ɓace yake. Ku ga abin da wata mata ta rubuta a ƙarƙashin maganar da na yi kan rashin lafiyar ƙanwata, wai "Hajiya sinadarai ne suka ƙare mata a jiki, ki min magana ta inbox, akwai garin amino asid da zai tashe ta cikin sati biyu, dubu 45 gwangwani". Haba baiwar Allah. Ba ki taɓa ganinta ba, ba ki ga takardar gwajinta ko ɗaya ba, amma har kin san abin da ya ƙare mata kin kuma yanka farashi? Ki ji tsoron Allah.

Yarinyar nan shekara uku kenan a zaune take sallah. Wanka a kan kujera 'yar tsugunno take yi, in ta fito sai ta kwanta kusan awa guda kafin ta iya saka kaya. Watan jiya ta matsa sai ta je sunan 'yar yayarmu, awa biyu kacal ta yi a zaune tana gaisawa da mutane, washegari da yamma kofin shayi ta kasa ɗagawa, kwana huɗu tana kwance labule a sake. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira ME/CFS, ciwon gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, kuma babbar alamarsa kenan, ka ɗan yi motsi yau jiki ya rushe gobe ko jibi. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ba yau aka san shi ba.

Toh maganar amino asid ɗin (wato sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin) da kuke riƙewa kuna talla da ita, eh, an yi bincike, gaskiya ne ana ganin canji a jinin masu ciwon. A 2016 wasu likitoci biyu a Bergen ta ƙasar Norway, Fluge da Mella, da abokan aikinsu sun auna jinin majinyata 200 suka gwada da na lafiyayyu 102. A mata suka ga wasu amino asid sun yi ƙasa, musamman waɗanda jiki ke iya ƙonawa ya samu ƙarfi. A maza kuma suka ga wani sinadari ya hau, irin wanda ke nuna jiki yana cin furotin ɗin kansa. Fassarar da suka yi ita ce hanyar da jiki ke bi ya maida sukari ƙarfi ce ta samu tangarɗa, shi ya sa ya koma ƙona amino asid. Kun ji? Matsalar a wajen ƙonawa take. Kamar janareta ne da kafiretansa ya toshe, tanki cike da fetur amma ya ƙi tashi, ku kuma kuna tsaye da galan kuna cewa a ƙara mai. Ƙara mai ba ya gyara kafireta. A jinin majinyatan wani sinadari ya hau wani ya sauka, ita kuma mai gwangwani garin da za ta ba kowa iri ɗaya ne, mace da namiji, yaro da babba.

Na san za ku ce "ai wance ta sha ta warke". Allah ya ƙara mata lafiya, amma wance ƙarancin jini ne da ita, kuma ƙarancin jini daban wannan daban. Shi ya sa likita na gari ba zai ce maka ME/CFS ba ne sai ya gama duba ƙarancin jini, da sikari, da maƙoƙo, da ciwon hanta, da tarin fuka, da sauransu. Mu ma duk mun bi wannan layin. Bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, an ba ta, ya dawo daidai, kuma har yau a zaune take sallah. Yo mutumin da ba ya fita rana, ba ya iya tsayuwa a gaban murhu, cikinsa ba ya karɓar rabin abincin gidan, ta yaya ba za a samu wani abu ya yi ƙasa a jininsa ba? Ciwon ne ya jawo ƙarancin. A 2017 masu bincike a Holand sun tattaro nazarce-nazarcen da aka yi kan bitamin da ma'adinai a wannan ciwon, ba su samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ƙarancinsu ne sila ba. In gwaji ya nuna abu ya yi ƙasa a cike shi bisa shawarar likita, shikenan, amma kar wanda ya kira wannan magani.

Kuma abin da kuke ɗirka wa mutane ba ya rasa illa. Bitamin B6 in ya yi yawa yana lalata jijiya, ƙafa ta riƙa zugi da mutuwa, sinadarin ƙarfe (ayon) ma in ya taru a jiki hanta yake taɓawa. Kuɗin kuma na mahaifiyarmu ne, matar da ta sayar da ɗankunnenta na gwal saboda gwaje-gwaje, in ta ji an ce sati biyu wlh za ta nemo dubu 45 ɗin ko bashi ne.

Masu cewa ta daure ta riƙa zagaya unguwa da safe, ku ma na ji ku. A Ingila shekaru aka yi ana saka masu ciwon nan motsa jiki ana ƙara musu kaɗan-kaɗan, a Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a can, ta cire shi daga shawarwarinta bayan majinyata sun yi ta kukan cewa ƙara musu ciwo yake.

Sannan dan Allah maƙwabtanmu masu biki, ku rage ƙarar DJ ɗin nan bayan isha'i. Daren Asabar har ƙarfe ɗaya ana kiɗa, yarinyar nan auduga ta cusa a kunne ta ɗora filo a kai tana hawaye, na fita da hijabi na roƙi yaron ya juya sifika ɗaya ta kalli titi, ya ce sai na je na tambayi ango.