Ƙannena Samari, Kafin Ku Sayi Kayan Bazara Ku San Abin da Jiki Ke Nema

Assalamu alaikum.

Da zarar zafi ya fara kunno kai, sai ka ga jerin kaya ya cika maka ido ta ko'ina. Riga goma da aka ce dole namiji ya mallaka, agogo, tabarau, turaren da ake yayi, sabuwar waya, fina-finan da za a kalla. Wata ya kama, a kawo wani sabon jerin, kamar dai na watan jiya ya ruɓe. Ni ban hana kowa ado ba, namiji mai tsafta da fasali abin sha'awa ne. Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin samari masu hankali suna karɓar irin wannan jeri kamar takardar likita, su kashe abin da suka sha wahala kafin su samu, sannan su wuni cikin rigar da ke dafa su.

Ku fara sanin yadda harkar take. Yawancin masu tsara waɗannan shawarwari suna da kamasho a kan duk abin da aka saya ta hanyarsu. Kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet ya buɗe irin wannan tsari tun 1996, yanzu kuwa ya zama ruwan dare. A Amurka da Ingila ranar iyaye maza tana faɗowa a Lahadi ta uku ta watan Yuni, shi ya sa tallan agogo, turare da reza ke ƙaruwa a daidai wannan lokaci. Wannan bai mai da su maƙaryata ba, wani lokaci kayan na da kyau. Amma wanda abincinsa ke cikin sayayyarka, da wuya ya ce maka abin da ke cikin akwatinka ya ishe ka. Ni kuwa ba abin da zan samu, don haka bari in faɗa maka abin da na sani game da zafi da jikin mutum, kai ka yi wa kanka zaɓi.

Jikinka yana son zama a wajen digiri 37 a ma'aunin Salsiyas. Idan zafi ya taso, hanyar da yake sanyaya kansa ita ce zufa. Amma ba fitowar zufar ke kawo sanyi ba, bushewarta ce. Lokacin da ruwan ke tashi daga fata ya bi iska, shi ne yake ɗauke zafin. Duk rigar da ta hana iska yawo a jikinka ta hana wannan aiki, ko da kuɗinta ya kai na babur. Da wannan ma'auni za ka auna kowace riga da aka tallata maka.

Juya rigar ka karanta ɗan ƙyallen da ke ɗinke a wuya ko a gefe. Auduga tana shan zufa, tana da laushi, iska na ratsa ta idan saƙar ba mai kauri ba ce. Aibinta ɗaya, idan ta jiƙe sharkaf tana jinkirin bushewa. Lilin, wanda ake yi daga zaren wata shuka, ya fi ta saurin bushewa, kuma ba ya manne wa jiki. Yana yamutsewa, gaskiya ne, amma yamutsewar ba aibi ba ce, ɗabi'ar yadin ce, kada ka wahalar da kanka da guga. Sai foliyesta, wanda wasu masana biyu suka ƙirƙiro a Ingila a 1941, kuma daga man fetur ake samo shi. A yau fiye da rabin zaren da duniya ke sarrafawa shi ne, saboda araha. Ba ya shan ruwa, kuma yana riƙe maiƙon jiki, shi ya sa rigarsa ke saurin ɗaukar wari, wani lokaci ma wanki ba ya fitar da warin gaba ɗaya. Wanda aka saƙa musamman don wasanni yana da amfaninsa a fili, yana tura zufa waje ta bushe. Amma rigar fita mai sheƙi, matsattsiya, da aka yi da shi zalla, wannan leda ce ka sa wa kanka. Na taɓa sayen irinta don hoton ya burge ni, na sa ta zuwa wani taro mai muhimmanci a wurina, kafin a yi nisa ta manne mini a baya, hankalina ya bar abin da ake faɗa ya koma kan rigar. Tun daga ranar ban ƙara sayen riga ba sai na karanta ƙyallen nan na kuma ɗaga yadin ga haske na ga yanayin saƙarsa.

Maganar launi kuma akwai abin mamaki a cikinta. Kowa ya san fari yana mai da hasken rana, baƙi yana zuƙe shi. Amma a 1980 wasu masu bincike suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya ta Nature, kan dalilin da ya sa makiyayan Larabawa na hamada ke sa baƙaƙen riguna. Suka gano cewa baƙar rigar ta fi ɗaukar zafi a bayanta, amma zafin da ke isa ga fatar mutum kusan ɗaya ne da na mai farar riga. Dalili shi ne rigunan masu yalwa ne, iska na shiga ta ƙasa ta fita ta sama, ta tafi da zafin kafin ya taɓa jiki. Wato yalwar ɗinki ta fi launi tasiri. To kai da ka matse jikinka cikin riga da wando kamar an zuba ka a ciki, don wai haka ake yayi, ka toshe hanyar iskar nan da hannunka. Ka bar tazara tsakanin yadi da fata. Riguna uku ko huɗu masu kyau da suka zauna maka daidai a kafaɗa, ana wanke su a kan kari, sun fi ashirin da aka saya don ganin ido.

Takalmi ba sai na tsawaita ba. Ƙafa tana zufa sosai, kuma danshi ne ke kawo wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Kada ka sa takalmi ɗaya kwana biyu a jere idan kana da hali, bar shi ya sha iska, ka kuma canja safa kullum.

Inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau shi ne tabarau, domin nan ne araha ke iya cutarwa. Duhun gilashi ba shi ne kariya ba. Abin da ke lahanta ido wani ɓoyayyen haske ne a cikin rana wanda ba a gani, kuma yawan shigarsa ido na cikin abubuwan da ke kawo yanar ido idan shekaru suka ja. Idan ka sa baƙin gilashi, ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar ƙwayar idonka tana ƙara buɗewa, domin ta ɗauka duhu ya yi. Idan gilashin ba ya tare wancan hasken, to ka buɗe masa ƙofa ke nan fiye da wanda bai sa komai ba. Kyan ɗan maciji. Ka nemi wanda aka rubuta UV400 a jikinsa, alamar yana tare wancan hasken, daga wurin da ka amince da gaskiyarsu, ko da fasalinsa bai kai na wanda ake yayi ba. Haka fata. Mai duhun fata yana da ɗan kariya, amma ba ta cika ba. Man kare fata mai lamba SPF 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, mai lamba 50 kuma kashi 98, don haka kada a ruɗe ka da babbar lamba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sake shafawa bayan kamar awa biyu idan ana cikin rana. Rana ta fi kaifi daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, inuwa da hula mai faɗin baki kuwa ba su taɓa tsufa ba.

Turare. Ƙanina, zufa da kanta kusan ba ta da wari, ƙwayoyin cuta da ke zaune a hammata ne ke sarrafa ta su fitar da wari. Don haka turare a kan jikin da bai ga sabulu ba wari biyu ne a haɗe. Wanka ne farko. Sannan ka sani zafi yana ƙara wa turare ƙarfi, hancinka kuma yana sabawa da ƙamshin jikinka cikin ɗan lokaci har ka daina ji, alhali na kusa da kai a mota ko a ofis yana shaƙa. Fesa biyu sun isa. Idan maganin rage zufa kake amfani da shi, ya fi aiki idan ka shafa da dare a busasshiyar fata.

Na'urori kuma, kafin ka yi tunanin sabuwa, ka koyi kula da wadda ke hannunka. Babban maƙiyin batirin waya shi ne zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da wayoyinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin da ya wuce haka na iya rage ƙarfin batir har abada. Wanda ke barin waya a gaban mota cikin rana, ko yake buga wasa tana caji har ta yi zafi, ko yake cusa ta ƙarƙashin matashi da dare tana jone, shi ne zai zo bayan wata shida yana cewa wayar ta lalace, sai sabuwa. Fawa banki ma akwai abin lura. Lambar da aka rubuta, kamar 10,000, ba duka ke isa wayarka ba, wani kaso yana ɓacewa wajen sauya ƙarfin wutar, abin da za ka samu bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Idan ka ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa lamba mai ban tsoro, ajiye shi. Idan kuma ya kumbura, rabu da shi nan take, wuta yake iya kamawa. Agogon da aka rubuta mita 30 a bayansa, fantsamar ruwa kawai yake jurewa, ba na iyo ba ne.

Kunnuwanku kuma ina roƙonku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma da an ƙara ƙarfin sautin, lokacin yana raguwa da sauri. 'Yan gasun da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Idan na kusa da kai yana jin abin da kake saurara, ko ka cire abin kunnen ka ji wani siririn ƙara na tashi, ka wuce gona da iri.

Farkon bazarar Turai da Amurka lokaci ne na kallo, ban musa ba. Wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai yana zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, tanis na Faransa a Faris, sai Wimbledon a Landan, wasannin ƙarshe na ƙwallon kwando a Amurka cikin Yuni. Gasar Cin Kofin Duniya ma a Yuni da Yuli aka saba yin ta, in ban da ta Katar a 2022 da aka kai Nuwamba saboda tsananin zafi. Ku kalla, ku yi musu, ku yi dariya tare. Amma ku lura da wanda ke zaune a gefen kowane wasa yana miƙo hannu, wato caca. An tsara lissafinta ne yadda kamfani zai ci riba ko wa ya yi nasara a fili. Na ga saurayi mai basira ya daina jin daɗin ƙwallon da ya taso yana ƙauna, ya koma kallon ta da faɗuwar gaba, yana rance don ya maido abin da ya tafi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kada ka fara, ko da ɗan abin da ka raina ne.

Sai barci, wanda dama zafi ke rage masa daɗi. A 2017 shugaban kamfanin fina-finan intanet na Netflix a lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa da barci suke gasa. Ba wasa yake ba. Shi ya sa kashi na gaba na fim mai dogon zango ke fara kansa kafin ka miƙa hannu ka kashe. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Shiga saitin manhajar ka kashe wannan farawa da kai, ka yanke tun kafin ka zauna cewa kashi ɗaya za ka kalla.

Masu son motsa jiki, kun kyauta, minti 150 a mako shi ne mafi ƙarancin abin da ake so ga babba. Sai dai jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, don haka kada ka fita ranar farko da tsakar rana kana gwada ƙarfi. Fara da sassafe ko bayan la'asar, a hankali. Sha ruwa kafin ƙishi ya matsa, ka duba fitsarinka, idan ya yi ja ruwa ya yi ƙaranci. Idan abokinka ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya a fili, kai shi inuwa, sassauta masa kaya, jiƙa masa jiki, ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko ya faɗi, wannan ya wuce gajiya. Ku ci gaba da zuba masa ruwan sanyi, kada ku ɗura masa ruwa a baki, ku garzaya da shi asibiti.