Wuƙar likita na sauke teɓa, amma ba ta taɓa borin jini

Duk mai teɓa da ke fama da asma ya san wannan kewayon. Numfashi ya hana shi motsa jiki, ƙwayar firednisolon da ake ba shi in ciwon ya tashi ta ƙara masa ƙiba, ƙibar kuma ta ƙara shaƙe shi. Bene ɗaya zai hau sai ya tsaya a tsakiya, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan na lalubar inhela a aljihu. In aka ce wa irin wannan mutum tiyatar rage ƙiba za ta raba shi da asma, wa zai ga laifinsa don ya yarda?

Maganar ba ta rasa gaskiya ba. A 2015 Dokta Kohei Hasegawa da abokan aikinsa sun bi bayanan masu asma 2,261 da aka yi wa tiyatar a jihohin Kalifoniya, Fulorida da Nebraska na Amurka. Kafin aikin, kusan kashi 22 cikin 100 asma na kai su sashen gaggawa ko gadon asibiti a shekara. Bayan aikin abin ya koma kusan kashi 11.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kitsen ciki na tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, huhu ya rasa wurin buɗewa, ƙananan hanyoyin iska su tsuke. Kitsen kansa ba zaune yake kawai ba, yana fitar da sinadarai irin su laftin masu rura kumburi a jiki. A sauke wannan kaya, huhu ya samu sararawa.

Sai dai asma ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne masu tallan tiyatar ke saurin wucewa. Akwai wadda ke zuwa bayan mutum ya girma ya yi ƙiba, ta fi kama mata. Akwai kuma wadda aka taso da ita tun yarinta, ta borin jini, wadda ƙura ko gashin kyanwa ko garin furanni ke tayarwa. Binciken Dokta Anne Dixon ta Jami'ar Vermont a 2011 ya nuna cewa saurin tsukewar hanyoyin iska ya ragu bayan tiyata ga waɗanda sinadarin IgE na jininsu yake daidai, amma bai ragu ba ga waɗanda nasu ya hau, wato masu borin jini. Su ma sun ji sauƙi, ba shakka, tunda nauyi ya sauka daga ƙirji. Amma garkuwar jikin da ta ɗauki ƙura abokiyar gaba tana nan yadda take.

Shi ya sa nake ganin ganganci ne a shiga ɗakin tiyata don asma kaɗai. Aiki ne da ba a mayar da hannun agogo baya: a nau'in da ake kira silib, kusan kashi 80 na tumbi ake yankewa a fitar, mutum kuma ya kama shan bitamin har ƙarshen rayuwarsa. Silib ɗin ma kan ƙara wa wasu ƙwannafi, alhali ƙwannafi na cikin abubuwan da ke tayar da asma da dare. Nau'in baifas, wanda ake haɗa ɗan guntun tumbi da hanji kai tsaye, shi ne ya fi rage ƙwannafin. Mai asma da ke kwana da zafin ƙirji ya kamata ya ji wannan daga bakin likitansa kafin a zaɓa masa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne watannin bayan aiki. Jiki ya yi sakayau, bene ya daina zama dutse, sai mutum ya jefa inhelar kariya cikin durowa, a ganinsa ya warke. In asmarsa ta borin jini ce, kumburin na nan kwance, ranar da ya kakkaɓe tsohuwar katifa zai san haka. Rage magani aikin likitan huhu ne, mataki-mataki, bayan an hura na'urar awon numfashi an ga abin da ta nuna.